Landan, Dubai ko Abijan: Ina Ya Kamata Kuɗin Ɗan Kasuwar Damagaram Su Kwana?

Ranar wata Alhamis, bayan kasuwar Dole ta fara watsewa, muna zaune a ƙofar siton Kawu Alhaji a Zango, yaro na fifita gawayin shayi, sai taubashina ya miƙa wa mahaifinsa waya. Bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, har yanzu hula ba ta gama zama a kansa ba. Ya ce, “Baba, dubi wannan. Biranen da suka fi ƙarfi a harkar kuɗi ne a duniya. Niyok ta ɗaya, Landan ta biyu, sai Hong Kong da Singafo. Mu daina wahala da bankunan nan, mu buɗe kamfani a Singafo.”

Kawu ya riƙe wayar nesa da ido kamar yadda yake riƙe takardar duwan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “To, su wa aka tambaya?” Ya mayar masa da abinsa, ya juyo gare ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe masa littafin lissafi: riɗi da ayar da yake tarawa daga kasuwannin Matameye da Magarya ya fitar, da kayan sola da tayil da yake shigowa da su daga Sin. “Kai ka san takardu,” in ji shi. “Ka duba mana. In akwai abin yi ka faɗa, in surutun ƴan boko ne ma ka faɗa.”

Jerin da yaron ya nuna sunansa GFCI. Wani kamfanin bincike na Landan mai suna Z/Yen ne ya fara fitar da shi a watan Maris na 2007, yanzu kuma suna yin sa tare da wata cibiyar bincike ta birnin Shenzhen a ƙasar Sin, sau biyu a shekara, Maris da Satumba. Birane wajen 120 ake jerawa. Abu biyu ake haɗawa: alƙaluman da ake ɗebowa daga irin su Bankin Duniya kan haraji, sauƙin kasuwanci, ilimin ma'aikata, sufuri da sadarwa, sai kuma ra'ayin dubban ma'aikatan banki da na inshora da masu juya dukiyar jama'a, waɗanda ke cika takardar tambayoyi ta intanet. Don kada kowa ya yabi tuwon gidansu, makin da mutum ya ba garinsu ba a lissafa shi. Amsar tambayar Kawu ke nan. Waɗanda aka tambaya mutane ne masu fasfon da ba a tsayar da shi a filin jirgi, kuma abin da suke aunawa shi ne inda babban banki zai ji daɗin kafa ofis. Mai buhun riɗi ba ya cikin lissafin.

Tazarar da ake yi wa shela ma ba wata tazara ba ce. A fitowar Satumba 2024 Niyok na da maki 763, Landan 750, Hong Kong 749, Singafo 747. Singafo ta karɓe matsayi na uku a Satumba 2022, bayan shekara biyu Hong Kong ta ƙwace abinta da maki biyu kacal. Wanda ya kwashe kamfaninsa saboda maki biyu, kullum yana kan hanya.

Mu ƴan Damagaram bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Unguwar da muke shan shayin nan a cikinta, daga zangon ayari ta samo sunanta. A zamanin Sarki Tanimun, fatake daga Kano da Barno suna haɗuwa a nan da Larabawan Gadamus da Tarabulus, ana sayen fatu da gashin jimina, ana ba da kaya bashi sai ayari ya dawo, ana lissafi da wuri. Attajirai irin su Malam Yaro aikin banki suke yi tun ba a san sunan ba. Abin da ya tara kuɗi a nan shi ne hanya, da sarkin da ke iya hukunta macuci, da masu masaukin da baƙo zai bar wa dukiyarsa ya yi barci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, kaya suka juya kudu zuwa teku, a 1926 kuma aka mayar da fadar mulki Yamai. Da waɗannan abubuwa ukun na auna biranen, na ƙara da na huɗu wanda kakanninmu ba su sha fama da shi kamar mu ba: wane irin kuɗi ne za ka ajiye bai narke ba.

Niyok ba garin da za mu zaɓa ba ne, garin da muke ratsawa ne ko muna so ko ba ma so. Binciken da BIS, bankin da ke haɗa manyan bankunan gwamnatocin duniya, ya yi a 2022 ya nuna ana canjin kuɗi na dala tiriliyan 7.5 a kowace rana a duniya (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), kuma cikin kowane ciniki ɗari, 88 da dala a gefe ɗaya. Bankinka na Zinder ba shi da hannun da zai miƙa dala kai tsaye ga mai masana'anta a Gwanzu ta ƙasar Sin. Sai ya bi ta wani babban banki da ke tsaya masa a waje, kamar yadda baƙon falke ba ya ciniki sai ta hannun mai masaukinsa. Mai masaukin dala kuwa, ƙarshenta a Niyok yake.

Mun ɗanɗana wannan da bakinmu. Wata shekara muka tura kuɗin kontena biyu na tayil, bankinmu ya ce sun fita, mai kaya ya ce ba su shigo ba. Kwana goma sha tara ina zirga-zirga tsakanin sito da banki da jakar takardu a hammata. Ashe a tsakiyar hanya aka riƙe su: sunan da ke kan fasfon Kawu an rubuta shi da wasu haruffa, na kan rajistar kasuwanci da wasu, aka ce sai an tabbatar mutum ɗaya ne, a kuma kawo takardar da ke nuna inda kuɗin suka fito. Mai kaya ya ƙi sakin takardun jirgi, kontena na zaune a tashar ruwa tana cin kuɗin kwana. Da na yi fushi, wani ma'aikacin bankin ya ja ni gefe ya ce, “Malam, ba mu ba ne, su ma tsoro suke ji.” Gaskiyarsa. A 2014 Amurka ta ci wani babban bankin Faransa, BNP Paribas, tarar kusan dala biliyan 9 saboda hada-hada da Sudan, Iran da Kuba. Tun daga nan duk bankin da ya ga kuɗi daga Sahel sai ya shinshina sau uku. Saboda haka darasin Niyok a wurinmu ɗaya ne: sunanka ya zama iri ɗaya a kowace takarda, rasit ɗinka ya cika. Kasuwar hannun jarinta, mafi girma a duniya, wannan ta masu rarar da ba sa buƙata ce.

Landan ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato, ko da ba mu taɓa taka ta ba. A binciken nan na 2022, kashi 38 cikin ɗari na canjin kuɗin duniya a Birtaniya ake yin sa, ninki biyu na Amurka mai kashi 19. An yi ta cewa fitarta daga Tarayyar Turai a Janairun 2020 za ta durƙusar da ita. Wasu ayyuka sun koma Paris, Frankfurt, Dablin da Amsterdam, amma giwa ko ta rame ta fi kwando. Abin da ya shafe mu a Landan shari'a ce da inshora. Yawancin kwangilolin sayar da irin mai, wato riɗi da gyaɗa da danginsu, ana rubuta su ne a kan tsarin ƙungiyar FOSFA, kuma idan rigima ta tashi kan danshi ko tsakuwa a cikin kaya, a Landan ake sasantawa bisa dokar Ingila. Inshorar jiragen ruwa ma jijiyarta na kasuwar Lloyd's. Ga agogo: da bazararsu lokacinmu ɗaya, da hunturu awa ɗaya ce tsakani.

Sai dai Landan gidan mai tsada ce. Lauyan da zai karanta maka kwangila yana lissafi da awa, kuma kuɗin ƴan awoyinsa na iya cinye ribar kamyo guda. Biza wahala, buɗe asusu ga wanda ba mazauni ba wahala ta biyu. Shawarata a nan: ka san abin da ka sa wa hannu idan mai saye ya turo kwangila mai ambaton Landan, ka nemi wanda zai fassara maka sakin layin da ke maganar inganci da ranar lodi, amma kada ka yi mafarkin ofis a can.

Yanzu ga abin da taubashina ke so. Singafo da Hong Kong ana yawan haɗa su kamar Hassan da Husaini, alhali aikinsu ya bambanta. Singafo gidan manyan dillalan amfanin gona da mai ne. Kamfanin Olam, wanda duk mai harkar riɗi ya san sunansa, a Najeriya ya fara a 1989 da fitar da kashu, daga baya ya mayar da hedkwatarsa Singafo a tsakiyar shekarun 1990. Harajin kamfani kashi 17 ne, kotuna ba wasa, cin hanci kusan babu. Amma doka ta ce dole kamfani ya kasance da darakta aƙalla ɗaya mazaunin ƙasar, wato sai ka ɗauki hayar mutum ya ara maka sunansa duk shekara. Kuma tun da aka bankaɗo badaƙalar halatta kuɗin haram ta kusan dalar Singafo biliyan 3 a 2023, bankunansu sun ƙara tsuke ƙofa. Rajistar kamfani ba ta da wuya, asusun ne aikin. Kamfani ba asusu kuwa rijiya ce ba guga.

Hong Kong ta fi ma'ana gare mu, don dalili ɗaya: ƙofar Sin ce. Nijar na cikin manyan ƙasashen da ke sayar wa Sin riɗi, kayan shagunanmu kuma daga Gwanzu da Yiwu suke fitowa, matatar SORAZ da ke arewa da mu ma, wadda aka buɗe a 2011, kashi 60 na CNPC ne, kamfanin mai na Sin. Da yawa daga masu masana'antar da muke saye a hannunsu, idan suka turo lambar asusu, za ka ga ta Hong Kong ce. Kuɗinsu a ɗaure yake da dalar Amurka tun 1983, yana yawo tsakanin 7.75 da 7.85 a kan dala ɗaya, harajin riba kashi 16.5, kuma babu harajin saye. Abin da ke sa Turawa ɗar-ɗar shi ne dokar tsaron da Beijin ta kafa a 2020, wadda ta sa ake tambayar ko kotunan garin za su ci gaba da cin gashin kansu. Wannan damuwa ce ta gaske, amma mai sayen tayil ba ita ce za ta fara hana shi barci ba. Abin da zai hana shi barci agogo ne: suna gabanmu da awa bakwai, lokacin da ka idar da sallar asuba su sun ci abincin rana, kafin ka buɗe shago da kyau bankinsu na shirin rufewa. Ga binciken littafi na dole kowace shekara, ga sakataren kamfani da za ka biya. Idan cinikinka da Sin bai kai kontena da yawa a wata ba, bar mai kayan ya riƙe asusunsa a can, kai ka tura masa.

Dubai ce na fi daɗewa a kanta, don ita ce gardamar gaske. A jerin GFCI ba ta cikin huɗun farko, a 2025 tana bakin shiga goman farko ne, amma idan da ƴan kasuwar Zinder, Maraɗi da Agadas aka tambaya, da ita za ta zo ta ɗaya ba hamayya. Kowa na da wani a Deira, unguwar ƴan kasuwa ta can. Akwai masallaci a kowace kusurwa, akwai masu dafa tuwo, akwai ƴan kargo da ke jin Hausa. Zinaren da samarinmu suka yi ta tonowa a Jado da Cibarakaten tun 2014, mafi yawansa can ya nufa. Awa uku ce tsakaninmu, dirhami kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.67 tun 1997, saboda haka wanda ya ajiye dirhami kamar ya ajiye dala ne.

Sai dai a rarrabe Dubai biyu. Wadda jerin ke yabo ita ce DIFC, wata unguwa da aka keɓe a 2004 mai dokokinta da kotunanta da ke aiki da Turanci bisa tsarin shari'ar Ingila. Wannan ta bankuna ce da masu juya biliyoyi. Dubai ɗin ɗan kasuwa ita ce ta yankunan ciniki irin su DMCC da Jabal Ali, inda za ka yanki lasisi, lasisin ya ba ka takardar zama, takardar zaman ta ba ka damar neman asusu. Wannan tsani mai hawa uku shi ne abin da Landan da Singafo ba sa miƙo wa mai fasfon Nijar da sauƙi.

Amma Dubai ɗin da iyayenmu suka sani, ta zuwa da kuɗi a jaka a dawo da kaya, tana ƙarewa. An sa harajin saye na kashi 5 a 2018. Daga Yunin 2023 akwai harajin kamfani na kashi 9 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta sa Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke ciki, cikin jerin waɗanda ake sa wa ido a Maris 2022, ba ta cire ta ba sai Fabrairun 2024, kuma kuɗin fitar da suka biya shi ne tsananta wa irinmu. Yau banki zai tambaye ka kwangila, rasit, hoton sito, sunan masu saye. Lasisi kuma duk shekara ake sabunta shi, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, ga hayar ofis ko da na teburi ɗaya ne. Na san wanda ya buɗe kamfani a can don a ce yana da shi, shekara biyu yana biyan kuɗin sabuntawa da ribar shagonsa na nan, har ya haƙura. Kuma abin da mutane ba sa son ji: dokar canji ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, ta ce mazaunin ƙasa ba ya buɗe asusu a wajen yankin sai da izinin hukuma, kuɗin kayan da ka fitar kuma dole su dawo gida ta banki. Wanda ya bar kuɗin riɗinsa suka kwana a Dubai ba takarda, ranar da aka waiwaye shi ba shi da bakin magana.

Kawu ya tambaye ni batun kuɗin ruwa, don shi ba ya taɓa shi. A wannan fanni Kwala Lamfur ta Maleshiya ce uwa, ita ke da kasuwa mafi girma ta sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 1963 kuma suke da asusun tara kuɗin aikin Hajji. Dubai da Bahrain na biye. Amma ba sai an je nesa ba: Senegal ta fitar da sukuk na sefa biliyan 100 a 2014, Kodebuwa ta bi a 2015, a gida kuma akwai bankin Musulunci.

Kasablanka ita ce ta ba ni mamaki, don na gano mun daɗe a cikinta ba mu sani ba. A jerin GFCI na 2025 ita da tsibirin Moris ne suka ja ragamar Afirka, ko da yake a duniya suna can wajen na hamsin da wani abu a lokacin. Maroko ta kafa cibiyarta ta hada-hadar kuɗi a 2010 da niyyar zama ƙofar Afirka ta Yamma, ta kuma yi abin da ya fi talla: ta sayi bankunanmu. BOA, Banque Atlantique, BIA da CBAO duk jijiyarsu na komawa ga manyan bankunan Maroko. Wato idan ka shiga reshen ɗaya daga cikinsu a nan Zinder ka nemi takardar da banki zai tsaya maka wajen mai kaya, ƙarfin da ke bayan takardar daga can yake. Harshen aiki Faransanci ne, irin takardun da muka saba. Rauninta shi ne dirhamin Maroko ba ya fita da shiga yadda ya ga dama, akwai ofishin da ke tsare canji. Moris kuwa wurin rajistar kamfanonin masu zuba jari ne, ba ta da abin da za ta yi wa mai kamyo.

Paris tana nan a cikin aljihun kowa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya tun 1999, da lamunin baitulmalin Faransa, ko da yake gyaran da aka sanar a Disambar 2019 ya soke ajiye rabin kuɗin ajiyarmu a can. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan ɗauri, ni ma ina da nawa, kuma dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka wayi gari darajar sefa ta rabu biyu. Amma a littafin lissafi abin da na gani shi ne: idan mai saye ya yarda ya biya mu da yuro, kamar masu sayen aya na Sifen, na san abin da zai shigo tun ranar da aka sa hannu. Idan dala ce, sai na yi ta duba waya.

Wannan ya kawo ni Abijan, wadda ba a jin sunanta idan ana wannan jeri. A can kasuwar hannun jari ta BRVM take, ta ƙasashe takwas masu sefa, tana aiki tun 1998. Kamfanin sadarwa na Sonatel na ciki, BOA Nijar ma na ciki, kuma ta hannun dillalin hannun jari a Yamai za ka iya saye ba tare da ka canza ko tamma ɗaya ba. Kotun ƙoli ta dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda su ne dokokin rajistarmu, a Abijan take zama. Tura kuɗi tsakanin ƙasashen yankin ba ya bi ta Niyok. Kasuwar ƙarama ce, wani hannun jarin sai ka yi kwanaki kana neman mai saye, wannan gaskiya ne.

Babban aibinta kuwa mun gan shi da idonmu. Daga 30 ga Yulin 2023 zuwa 24 ga Fabrairun 2024, da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe asusun gwamnati a BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa, aka dakatar da hada-hada da maƙwabta. Mutum da kuɗinsa a banki, sai ya yi layi tun safe a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade. Lokacin kakar riɗi ta zo, manomi a ƙauye ba ya karɓar ceki, jikka yake so a hannu. A watannin nan kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da amanar da ke tsakanin ƴan kasuwa ne suka riƙe gari. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 amma tana cikin UEMOA, ana kuma ta maganar sabon kuɗin AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso. Duk mai ajiye dukiyarsa kaf a sefa ya san da wannan a ransa.

Legas kuwa, a jerin tana can ƙasa, amma a rayuwarmu ita da Kano sun fi Landan nauyi sau goma. Kano ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, farashin Dawanau shi ke motsa farashin Matameye, ƴan canjin Wapa kuma sun fi kowane allon banki saurin sanin inda iska ta dosa. Kasuwar hannun jarin Legas ta fi ta Abijan girma da zafi, bankunansu sun iya aiki da waya fiye da namu nesa ba kusa ba. Matsalar naira ce. Kawu yana tuna lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka. A 2014 jikka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2,000, bayan an saki canji a Yunin 2023. Ga abin da ya faru da aka sauya takardun naira a ƙarshen 2022, mutanenmu na kan iyaka da buhunan tsofaffin kuɗi suna neman inda za su kai. Naira kuɗin wucewa ce: ka karɓa da safe, ka mayar da ita kaya ko sefa kafin magariba.

Da na gama, na koma wurin Kawu da nawa jerin, wanda ba zai yi wa Z/Yen daɗi ba. Ga mai irin cinikinmu, na ce, Abijan da Kasablanka ne a gaba, don ta cikinsu asusunmu da takardunmu suke, kuma gyara alaƙa da bankin gida, a samu ma'aikaci ɗaya da ya san fayil ɗinmu ciki da waje, ya fi kowane lasisin waje araha. Dubai ta biyo, da sharaɗi: sai ga wanda ke saye a wata ƙasa ya sayar a wata, kayan ba su ma taɓa Nijar ba, kuma ribarsa ta shekara za ta ɗauki kuɗin lasisi ba ta ji ba, ya kuma nemi izini a gida tukuna. Hong Kong sai cinikin Sin ya ninka na yanzu. Landan a karanta kwangilarta, Niyok a kiyaye takardunta, Legas a shiga a fita. Singafo na sa ta ƙarshe.

Taubashina ya ce na mayar da jerin ƙafa sama. Na ce masa shi da zai nemi aiki a banki ko ya ƙaro karatu, jerin nasa daidai yake, ya bi shi, Landan da Singafo za su koya masa abin da Zango ba za ta koya masa ba. Ya ce to ni da na san haka me ya hana ni tafiya. Na ce wa zai riƙe wa ubanka littafi, kai?

Kawu bai ce komai ba sai da aka zuba shayi na uku. Sannan ya ce ranar Litinin in je a gyara rubutun sunansa a rajistar kasuwanci ya dace da na fasfo, in kuma tambayi mai sayen riɗinmu ko zai yarda kwangilar bana ta zama da yuro. Batun Dubai ya ce a bari sai bayan kaka, a ga abin da sito ya tara. Yaron kuma ya ce ya shirya, gobe da asuba zai bi kamyo zuwa Magarya ya koyi yadda ake duba danshin riɗi da haƙori.